Kimono da Kalangun Japan: Yadda Toshiko Akiyoshi Ta Mallaki Kiɗan da Ba Ta Gada Ba



Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Da wannan karin magana nake so mu auna rayuwar wata mata 'yar Japan, Toshiko Akiyoshi, makaɗiyar fiyano kuma mai tsara kiɗa, wadda ta shafe sama da shekara 70 tana cin abinci da jaz. Jaz kuwa kiɗa ne da baƙar fatar Amurka, jikokin bayi, suka haifa a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Ba ta gaje shi ba, ba ta tashi a unguwar da ake yin sa ba, farkon jin sa ma da ta yi a faifai ne. Idan karin maganarmu ta yi gaskiya a ko'ina, to ya kamata a ce har ta tsufa katararta a waje take. Ni kuwa abin da na zo in kare a gabanku shi ne, aro yakan rikiɗe ya zama mallaka, kuma za a iya nuna shekarar da hakan ta faru ga wannan mata, a kuma nuna da me ta biya. Ta fara biya da bautar sana'ar har masu ita suka sallama mata, daga baya ta ƙara da zuba wa sana'ar wani abu daga rumbun gidansu, wanda masu ita ba su da shi.

An haife ta ranar 12 ga Disamba, 1929, a garin Liaoyang na yankin Manchuriya, arewa maso gabashin ƙasar Sin, inda Japanawa suka yi kaka-gida a zamanin da daularsu ke faɗaɗa. Ita ce auta cikin 'yan mata huɗu, kuma tun tana firamare ta fara koyon fiyano irin na Turawa, wanda ake karanta shi a takarda a kaɗa yadda aka rubuta. Da Japan ta sha kaye a 1945, iyalin suka rasa gida da dukiya, suka koma ƙasarsu a 1946 da abin da hannu zai iya ɗauka, suka sauka a Beppu, garin maɓuɓɓugan ruwan zafi a tsibirin Kyushu. Garin cike yake da sojojin mamaya na Amurka, soja kuwa yana son rawa, gidan rawa kuma yana bukatar makaɗa. Yarinyar da ba ta da fiyano a gida ta karɓi aikin kaɗa shi a ɗaya daga cikin gidajen, don a nan kaɗai yatsunta za su taɓa abin da suka saba. A lura da yadda zamani ya juya: a 1940 gwamnatin Japan ta rufe gidajen rawa, a 1943 ta fitar da jerin waƙoƙin Amurka da Ingila da ta haramta a matsayin kiɗan abokan gaba, sai ga shi bayan shekara uku kacal kiɗan abokan gaban ne ke ciyar da 'ya'yan waɗanda aka ci da yaƙi. A Beppu ne wani mai tara faya-fayi ya sa mata faifan Teddy Wilson yana kaɗa "Sweet Lorraine", ta ji irin abin da fiyano zai iya yi idan makaɗi ya saki takarda ya bi kunnensa. Abin da ta shiga don neman na tuwo ya zama abin da take so.

Daga nan sai bauta. Ta koma Tokiyo, ta riƙa zama a shagunan shan gahawa da ake sa faya-fayin jaz, tana saurare tana rubuta sautin ɗaya bayan ɗaya, domin babu makaranta, babu littafi, faifan ma ya fi ƙarfin aljihun makaɗi. Wanda ta ɗauka ubangida, ba tare da ya san da ita ba, shi ne Bud Powell, gwanin salon da ake kira bibop, salo mai gudu da sarƙaƙiya wanda hannun dama ke zuba sauti kamar mai busa, hannun hagu kuma yana jefa amshi jefi-jefi. A 1952 ta kafa ƙungiyarta ta mutum huɗu, Cozy Quartet, wadda Sadao Watanabe, wanda daga baya ya zama babban mai busa saksofon na Japan, ya yi aiki a cikinta. A 1953 makaɗin fiyano Oscar Peterson ya zo Japan da ayarin makaɗan Norman Granz, ya ji ta tana wasa a Tokiyo, ya matsa wa Granz ya ɗauke ta a faifai. Aka haɗa ta da Ray Brown da Herb Ellis da J. C. Heard, aka yi faifanta na farko. Duk wanda ya saurari aikinta na wannan lokaci zai ji gwaninta, zai kuma ji Bud Powell a kusan kowace jimla. Wannan ba abin kunya ba ne. Yaron maƙera ma da kwaikwayon bugun ubangidansa yake farawa. Sai dai a gaskiya, a wannan mataki karin maganarmu ba ta yi ƙarya ba: rigar ta yi mata kyau, amma kowa ya san mai ita.

A Janairun 1956 ta isa Bostan, ta shiga makarantar kiɗa ta Berklee da gurbin karatu kyauta, ita ce ɗaliba ta farko daga Japan da makarantar ta taɓa ɗauka. Bayan wata biyu aka gayyace ta wani shirin talabijin mai farin jini, What's My Line?, kuma ina so mu tsaya a kan wannan shiri, domin ya bayyana matsayinta fiye da dogon bayani. Tsarin shirin shi ne a shigo da baƙo, wasu sanannun mutane su yi ta yi masa tambayoyi har su cinko sana'arsa. Aka shigo da budurwa 'yar shekara 26 sanye da kimono, doguwar rigar gargajiyar Japan mai faffaɗan ɗamara. Daɗin wasan gaba ɗaya ya rataya ne a kan abu ɗaya: babu wanda zai kalli wannan mata da wannan shiga ya kawo jaz a ransa. Wato baƙuntarta ita ce hajar da ake sayarwa. A kan dandamali ma ta sha fitowa da kimono a waɗannan shekaru, jama'a na tururuwa su ga abin mamaki. Japan tana jikinta inda ido ke gani, amma da za a rufe ido a saurara, ba za a ji Japan ko kaɗan a cikin kiɗan ba. Irin wannan mamaki yana buɗe ƙofa da wuri, yana kuma gundurar mutane da wuri. Da ɗokin ya wuce, sai ta tarar da kanta mace a sana'ar maza, 'yar Asiya a kiɗan baƙar fata, a kasuwar da galibi fararen fata ke riƙe da ita.

Shekarun 1960 ba su yi mata sauƙi ba, ba kuma zan daɗe a kansu ba. Ta auri mai busa saksofon Charlie Mariano a 1959, suka kafa ƙungiya tare, ta yi aiki da Charles Mingus a 1962, ta haifi 'ya a 1963, ta yi ta kai da kawo tsakanin Japan da Amurka, auren ya mutu a 1967. A farkon wannan zango ne ta rubuta "Long Yellow Road", wato doguwar hanya mai launin rawaya, sunan da ke nuni da launin da Turawa ke laƙaba wa mutanen gabashin Asiya da kuma tsawon tafiyar da ke gabanta. A 1969 ta auri Lew Tabackin, mai busa saksofon da sarewa. A 1972 shirin talabijin da yake yi wa kiɗa ya tashi daga Niyok zuwa Kalifoniya, suka bi shi Los Anjalas, kuma a 1973 suka tara makaɗa 16 suka kafa babbar ƙungiya: masu saksofon biyar, masu ƙahon tarampet huɗu, masu tarambon huɗu, sai fiyano da babbar garayar bes da ganguna. Kusan duk abin da ƙungiyar ta kaɗa a tsawon rayuwarta, Akiyoshi ce ta ƙirƙira ta kuma raba wa kowane makaɗi nasa layin. Los Anjalas gari ne na makaɗan fina-finai da talabijin, waɗanda kowannensu ya iya kayan busa uku ko huɗu. Ta ci moriyar wannan, ta riƙa sa masu saksofon su ajiye shi su ɗauki sarewa da kilarinet manya da ƙanana, tana ba kowa sautinsa dabam maimakon su haɗu a kan guda. Wannan launi mai laushi da kauri shi ya zama tambarinta. Mai kunne yana jin sa zai ce wannan rubutun Toshiko ne.

Yanzu mun zo shekarar da na ce za a iya nunawa, 1974, da faifan ƙungiyar na farko mai suna Kogun. A cikin kiɗan da ke ɗauke da wannan suna, kunne yana karo da abin da bai saba ji a jaz ba: bugun tsuzumi da kiraye-kirayen makaɗan No, tsohon wasan kwaikwayon Japan wanda ya haura shekara 600. Tsuzumi, don mu gane shi, ɗan uwan kalangu ne a ƙira: siririn tsakiya, fata baki biyu, da igiyoyin da ake matsawa don sauya murya, sai dai ƙaraminsa a kafaɗa ake ɗora shi, da hannu kuma ake bugu. Tabackin ya sa sarewarsa ta ƙarfe ta yi kukan shakuhachi, sarewar gora ta Japan, da huci da lanƙwasa sauti. Wahalar da ke cikin wannan haɗi ba ƙarama ba ce. Jaz yana tafiya ne a kan bugu mai ɗorewa, kamar takun mai tafiya da rangaji. Kiɗan No kuwa yana miƙewa yana takurewa, makaɗi ya yi kira mai tsawo, ya yi shiru, sannan bugu ɗaya ya faɗo, kuma shirun nan ana lissafa shi a cikin kiɗan. Mai son haɗa su dole ya warware yadda mutum 16 za su shiga wannan lokaci mai numfashi su fita ba tare da sun watse ba. Ta warware shi a kan takarda, da alƙalami, gaɓa bayan gaɓa. A 1956 Japan tana kan kafaɗarta, a 1974 ta shiga cikin ginin kiɗan, inda ba za a iya tuɓe ta ba sai an rushe shi.

Akan ba da labari cewa rasuwar babban makaɗin jaz Duke Ellington ce ta farkar da ita, musamman wani rubutu da Nat Hentoff ya yi a jaridar Village Voice yana nuna yadda Ellington ya kafa kiɗansa a kan tushensa na baƙar fata. Ita kanta ta sha ambaton tasirin wannan rubutu. Sai dai an ɗauki Kogun a faifai a watan Afrilu, Ellington kuwa ya rasu a Mayu, don haka a ganina rubutun ya tarar da ita a bakin hanya ne, ya ƙarfafa mata gwiwa. Darasin da ta ɗauka daga Ellington shi ne mai muhimmanci. Ba ta fahimci cewa jaz na baƙar fata ne kaɗai don haka ta tattara ta koma gida ba. Ta fahimci cewa a wannan kiɗa, al'ada ita ce kowa ya kawo tarihin mutanensa.

To amma akwai masu ja, kuma hujjarsu ta farko ita ce mafi nauyi. Suna cewa jaz ba salo ba ne kawai da za a koya kamar lissafi. Kuka ne na mutanen da aka sayar aka bautar, aka hana su zama a otal ɗin da suke yi wa kiɗa, kuma sau da yawa wasu ne suka kwashe ribar abin da suka ƙirƙira. Wanda bai sha wannan ɗaci ba, da wane baki zai ce kiɗan nasa ne? Wannan ƙorafi yana da tushe, tarihin kasuwar kiɗa a Amurka ya tabbatar da shi. Amma ɓarawo da ɗan koyo ba ɗaya ba ne, kuma ana bambanta su da abu biyu: wa ya shigo da kai, kuma kana faɗin sunan malaminka ko kana ɓoyewa. Waɗanda suka shigo da Akiyoshi su ne Peterson da Mingus, waɗanda suka zauna suka yi faifai da ita a 1956 sun haɗa da Paul Chambers da Oscar Pettiford da Roy Haynes, kuma waɗannan ba mutanen da ke yi wa makaɗi kara ba ne idan hannunsa bai kai ba. Sunan malamai kuwa ba ta taɓa ɓoye shi ba: a 1990 ta yi faifai sukutum don tunawa da Bud Powell, a 1999 ta yi wani don Ellington. Game da riba, tarihinta ya nuna akasin abin da ake zargi, domin mafi yawan faya-fayinta a Japan suka fito, kamfanonin Amurka sun yi ta juya mata baya har ta kai ga kafa ɗan ƙaramin kamfaninta. Ba ta taɓa da'awar ɗacin baƙar fata nata ne ba. Nata ta kawo, na wadda aka kora daga inda aka haife ta, ta zama baƙuwa a ƙasar iyayenta, ta sake zama baƙuwa a ƙasar sana'arta.

Wasu kuma ta ɗaya gefen suke sukarta. Suna cewa tsuzumi da shakuhachi wani kimono ne kawai aka ɗinka da sauti, dabarar jan hankalin Bature mai son abin gabas. Da haka ne, da mun ga ta zaɓi abubuwan da ake bugawa a katin yawon buɗe ido, furen sakura da dutsen Fuji. Ga abin da ta zaɓa. A 1976 ta fitar da "Minamata", dogon kiɗa mai kashi uku a kan garin masunta da masana'antar Chisso ta yi shekaru tana zuba wa dafin zaiba a ruwa. Mutane suka ci kifi, jijiyoyinsu suka lalace, aka haifi jarirai da naƙasa, kyanwoyin garin suka riƙa tangaɗi suna faɗawa teku. An gano cutar a hukumance a 1956, amma sai 1968 gwamnati ta amsa cewa daga masana'antar take. Kiɗan yana buɗewa da muryar yarinya, 'yar Akiyoshi ce, da nutsuwar ƙauye. Sai tsakiyarsa ta ɗauki zafi da gudu irin na bunƙasar arziki. Sai can muryar Kanze Hisao, babban ɗan wasan No, ta shigo. A wasan No, yawanci fatalwar mamaci ce ke dawowa ta faɗi abin da aka yi mata, saboda haka duk Bajapane da ya ji wannan murya ya san wa ke magana. Mai neman burge baƙo ba ya tona asirin gidansu haka. Wani aikin nata na wannan lokaci, Tales of a Courtesan, a kan matan da ake tsarewa a unguwannin karuwai na Japan ta dā, a zamanin Edo, yake, waɗanda kwalliyarsu ta rufe bautar da suke ciki. Sannan mafi yawan abin da ta rubuta babu kayan kiɗan Japan a ciki ko ɗaya, tsantsar bibop ne. Tana ɗauko tsuzumi ne idan maganar ta bukace shi.

Akwai suka ta uku wadda ba zan iya kawar da ita duka ba, kuma ba zan yi kamar na iya ba. Kalmar kogun tana nufin rundunar da ta rage ita kaɗai, kuma kiɗan yana da alaƙa da labarin Hiroo Onoda, sojan Japan da ya ci gaba da yaƙi a dajin tsibirin Lubang na Filifin har Maris 1974, shekara 29 bayan an gama yaƙin, bai ajiye makami ba sai da aka kawo tsohon kwamandansa ya sallame shi. Akiyoshi ta ga kanta a cikinsa, mai fafutuka ita kaɗai a ƙasar wasu. Amma Onoda da abokansa an ɗora musu alhakin kashe mazauna tsibirin kusan 30, kuma manomin Lubang ba zai ji wannan kiɗa da kunnen da mutumin Tokiyo ya ji shi ba. Haka ma za a iya tambaya: 'yar masu mamayar Manchuriya, me ya sa wahalar Japanawa ta fi fitowa a ayyukanta? Abin da zan ce shi ne, aikinta na baya ya fi na farko faɗin kallo. A 1999 wani malamin addinin Buda daga Hiroshima ya roƙe ta ta rubuta wa garinsu kiɗa, ya aiko mata da hotunan bayan faɗuwar bam. Ta kasa ganin me kiɗa zai ce a kan irin wannan, har sai da ta kai ga hoton wata matashiya da ta fito daga maɓoyar ƙasa da ɗan murmushi a fuskarta. Aka fara kaɗa Hiroshima: Rising from the Abyss ranar 6 ga Agusta, 2001, a garin kansa, kuma ta sa mai busa sarewar gargajiyar Koriya a cikin makaɗan. Dubban 'yan Koriya, da yawansu an kawo su aikin tilas ƙarƙashin mulkin Japan, sun mutu a Hiroshima, kuma an daɗe ba a ba su wurin da ya dace a cikin juyayin. Wannan bai goge matsalar Kogun ba, amma ya nuna mai rubutun ta san ba Japanawa kaɗai ne ke da gawa a wannan tarihi ba.

Masu cewa ai mijinta da makaɗa maza 'yan Amurka ne suka ɗauke ta, amsarsu gajeriya ce. Tabackin shi ne babban mai busa na ƙungiyar, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma takardun da ke gaban kowane makaɗi rubutunta ne. Ita ce mace ta farko da masu karanta mujallar DownBeat suka zaɓa a matsayin gwanar ƙirƙira da tsara kiɗa. Sau 14 ana sa sunanta a takarar Grammy, ko sau ɗaya ba a ba ta ba, kowa kuma yana iya fassara wannan yadda ya ga dama.

A 1982 suka koma Niyok, ta sake tara sabbin makaɗa, suka yi shekaru suna wasa kowace Litinin da dare a gidan Birdland. A 2003, bayan shekara 30, ta rushe ƙungiyar da kanta. Ɗaukar nauyin mutum 16 ba tare da kamfanin faifai mai tsaya mata a Amurka ba ya gajiyar da ita, rubutu da shugabanci kuma sun cinye lokacin da take so ta ba yatsunta. A 2007 hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba ta lambar Jazz Master, mafi girman karramawar da ƙasar ke yi wa makaɗin jaz. Kafin nan Berklee ta riga ta yaye makaɗan fiyano 'yan Japan, Makoto Ozone da Hiromi Uehara, waɗanda suka hau manyan dandamalin duniya ba tare da an sa kowa ya cinki sana'arsu ba. Ita kuwa ta koma inda ta fara a Beppu, mace ɗaya da fiyano ɗaya, wani lokaci da mai bes da mai ganga, wani lokaci da mijinta a gefe. Ta saba buɗe wasa da "Long Yellow Road", ta rufe da "Hope", kashin ƙarshe na kiɗan Hiroshima, kuma a haka ta ci gaba da fitowa gaban jama'a har bayan ta haura shekara 85.